Idan an biyo ka bashin da ba ka ci ba

Yakan faru a kira mutum a waya a ce wani ya karɓi rance ta manhajar ba da bashi, ya kuma sa shi a matsayin mai tsaya masa. Wani lokaci ma da BVN ɗinsa aka karɓi kuɗin bai sani ba. Daga nan sai barazana: za a tura hotonsa ga danginsa, da fastonsa, da 'yan ikilisiyarsu, a ce shi ɓarawo ne. Da yawa sukan biya don gudun kunya.

Abin da doka ta tanada

Kasancewar lambarka a wayar wanda ya ci bashi bai mai da kai mai lamuni ba. Lamuni sai da yardarka da sa hannunka. Wanda ya ce yana bin ka kuɗi, shi ne zai kawo shaida.

Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ta hana kama mutum saboda bashi kawai, ta kuma hana kama wani a madadin wani. Dokar Kare Bayanai ta 2023 ta hana amfani da lambarka ko hotonka ba bisa ƙa'ida ba.

Matakan da za a bi

1. Kada ka biya ko sisi don a ƙyale ka. Za su riƙe wannan a matsayin ka amsa bashin.
2. Ka nemi a rubuce: sunan kamfanin, ranar rancen, adadin kuɗin, da asusun da aka tura su.
3. Ka amsa a rubuce cewa ba ka ci bashin ba, ba ka kuma tsaya wa kowa ba.
4. Ka ajiye kowane saƙo da lambar da ta kira ka.
5. Kada ka ba kowa BVN, ko PIN, ko lambar da banki ya turo maka.

Inda za a kai ƙara

Ƙorafin manhajar rance, hukumar kare masu saye ta FCCPC ake kai wa. Na yaɗa hoto kuwa, hukumar NDPC. In banki ne, ka fara da bankin, in bai warware ba sai Babban Bankin Najeriya. Dokar 2017 ta ba ka damar karɓar rahoton basussukan da ke kan sunanka kyauta sau ɗaya a shekara daga kamfanoni irin su CRC ko FirstCentral.

Ɗan'uwa, kada ka ɓoye maganar. Ka sanar da iyalinka da dattawan ikilisiya tun kafin saƙon ya iso gare su. Wanda kuma ya sami irin wannan saƙo game da wani, kada ya tura shi gaba.