Jing (京): Kalmar Babban Birni a Sin da Japan

Jing kalma ce ta Sinanci mai nufin birnin da sarki yake zaune, wato cibiyar daula. Japanawa kuwa, da yake sun ari rubutun Sinawa tun da daɗewa, suna furta ta kyo, wani sa'in kuma kei.

Asalinta yana komawa zamanin daular Shang, fiye da shekara 3,000 da suka shuɗe, lokacin da masu duba na fada suke sassaƙa rubutu a jikin ƙashin shanu da ƙoƙon kunkuru, inda alamar ta fito da siffar dogon gini mai tsinin rufi. Shehin malamin lugga Xu Shen, a ƙamusunsa Shuowen Jiezi na wajen shekara ta 100 Miladiyya, ya fassara ta da tudu mai matuƙar tsawo wanda hannun ɗan Adam ya tara. Daga tsawo ma'anar ta koma girma, daga girma kuma ta tabbata a kan mazaunin sarki, kamar Haojing, hedkwatar daular Zhou ta Yamma.

Abin lura a tarihinta shi ne, duk inda gadon sarauta ya nufa, nan take binsa. A 1403 Sarki Yongle na daular Ming ya raɗa wa birninsa na arewa suna Beijing, Babban Birnin Arewa, sa'an nan da fada ta tare can a 1421, birnin da aka baro ya zauna da sunan Nanjing, na Kudu. Ƙarnuka bayan haka, da gwamnatin Sin ta koma Nanjing, sai a 1928 aka tuɓe wa Beijing wannan laƙabi, aka kira shi Beiping, bai sake samunsa dindindin ba sai 1949.

Haka al'amarin ya gudana a Japan: an kafa Heijo-kyo, wato Nara, a 710, Sarki Kanmu kuma ya kafa Heian-kyo a 794, wanda daga bisani ya shahara da sunan Kyoto, aka haɗa kyo da to (都), ita ma mai nufin birnin sarki. A 1868 aka sauya wa Edo suna zuwa Tokyo, Babban Birnin Gabas, Sarki Meiji ya tare a cikinsa a 1869. Hatta Hanoi ta Biyetnam an kira ta Dong Kinh, wato ita ma Babban Birnin Gabas, a 1430, lafazin da Turawa suka mayar Tonkin.