Littattafai biyu gaban alƙalan Paris

A shekarar 1857, zamanin mulkin Napoleon na Uku, marubuta biyu suka gurfana gaban kotu a birnin Paris bisa tuhumar yaɗa batsa da ɓata tarbiyyar jama'a, laifin da wata doka ta 1819 ta tanadar wa horo. Mutum guda ne ya gabatar da ƙarar su biyun, wato Ernest Pinard, amma hukuncin ya sha bamban.

Gustave Flaubert aka fara gurfanarwa, saboda Madame Bovary, labarin matar wani likitan ƙauye wadda ta ci amanar aure. Pinard ya yi ta tsinto shafuka ɗai-ɗai yana karanta wa alƙalai. Lauyan marubucin, Jules Sénard, ya nemi a auna littafin dungurungum. Ya ce ai matar ta ƙare cikin bashi da wulaƙanci, har ta sha guba ta mutu, to wane mai karatu zai yi sha'awar bin sawunta? Ranar 7 ga Fabrairu kotu ta sallami Flaubert, bayan ta yi masa faɗa. A gaskiya mutuwar Emma ce ta cece shi.

Charles Baudelaire bai samu irin wannan mafaka ba, domin a waƙoƙinsa babu wata mai laifi da aka hukunta a shafin ƙarshe. Ranar 20 ga Agusta aka ci shi tarar tamma 300, aka kuma ba da umurnin cire waƙoƙi shida daga Les Fleurs du mal, bisa hujjar cewa suna motsa sha'awa. Daga baya an rage tarar zuwa 50, bayan ya kai kukansa ga sarauniya Eugénie, amma haramcin ya zauna daram.

Sai da majalisa ta yi sabuwar doka a 1946, wadda ta ba da damar sake duba irin wannan shari'a, kafin kotun ƙoli ta karya hukuncin ranar 31 ga Mayu 1949. Ko harafi guda bai canza ba a waƙoƙin. Alƙalan suka ce magabatansu sun tsaya ga zahirin kalmomi, sun bar ma'anar da ke ƙarƙashi, kuma jama'a da masana ba su taɓa goyon bayan wancan hukunci ba. A lokacin Baudelaire ya kusa cika shekara 82 a kabari.