Yola da Jimeta: Abin da Kogin Binuwai Ke Faɗa Mana

Yau rubutun zai ɗan yi tsawo, a yi haƙuri da ni.

Jiya da yamma muna cikin Keke Napep daga Girei za mu shiga gari, muna kan gada, sai wani ƙanena ɗan aji ɗaya da ya zo daga Katsina ya ce, "Yaya, wai me ya sa ake cewa Yola, amma kullum Jimeta muke zuwa?" Na nuna masa ruwan da ke ƙarƙashinmu na ce amsarka tana nan. Ya yi dariya, ya ɗauka wasa nake. To ba wasa ba ne.

Kafin jihadi, Bata ne ke zaune a kwarin nan suna su da noma, Verre kuma suna kan duwatsun da ke kudu da gari. Fulani sun daɗe suna kiwo a tsakaninsu. Modibbo Adama, wanda jami'armu da jihar kanta ke ɗauke da sunansa, ya karɓo tuta daga Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, ya kafa masarautar Fombina, wato "kudu" da Fulatanci. Ba a Yola ya fara zama ba. Ya zauna Gurin a bakin kogin Faro, ya koma Ribadu, sai a 1841 ya kafa Yola, inda ya rasu a 1847.

Ku lura da sunan. Yola daga "yolde" ta fito, wato tudu, ƙasa mai ɗan tashi. Bai kafa gari a bakin ruwa ba, bai kuma yi nisa da shi ba. Ya bar fadama ga shanu da gonaki, ya ɗora gidajen mutane inda ambaliya ba ta kaiwa. Ga tafkin Njuwa kusa, ga kifi, ga ciyawa. Wallahi duk mai karatun tsara birane ya kamata ya tsaya a nan ya yi tunani.

Kogin da ya ciyar da garin shi ne kuma ya jawo masa baƙi. A 1851 Bajamushen nan Heinrich Barth ya haye Binuwai ya iso Yola, amma Lamiɗo Lawal ya sallame shi bayan 'yan kwanaki, domin ya zo ne tare da mutanen Barno, kuma a lokacin akwai tsama tsakanin ƙasashen biyu. Labarin da Barth ya kai Turai shi ya ƙara wa Turawa kwaɗayin kogin. Daga baya kamfanin Royal Niger ya kawo jirginsa ya girke a kan ruwa yana ciniki. A watan Satumba na 1901, lokacin da kogi ya cika maƙil, sojojin Ingila suka hauro da jiragen ruwa suka ci Yola. Lamiɗo Zubairu ya ƙi miƙa wuya, ya fita ya ci gaba da yaƙi har aka kashe shi a 1903. Aka raba Fombina biyu: Ingila ta riƙe Yola, Jamus ta kwashe kaso mafi girma, har da Garwa da Ngaundare. Shi ya sa har gobe za ka ga mutumin Yola da kawunsa a Kamaru.

Jimeta fa? Ita 'yar tashar jirgin ruwa ce. A da, jirage suna iya haurowa ne a damina kawai, su sauke kaya su kwashi gyaɗa da auduga da fatu. Kamfanoni da ofisoshin Turawa suka taru kusa da ruwa, Hausawa da Barebari da Nufawa da mutanen kudu suka biyo kasuwa. Da aka ƙirƙiro jihar Gongola a 1976, sannan Adamawa a 1991, sunan hedikwata ya zauna a kan Yola, amma gidan gwamnati da babbar kasuwa suna ɓangaren Jimeta. Fada tana can, hada-hada tana nan. Ga amsar ƙanena.

Abin da ya sa na yi rubutun nan shi ne wannan. Mu da muka zo daga baya mun manta darasin sunan. Tun da Kamaru ta kammala madatsar ruwa ta Lagdo a 1982, cikar Binuwai ba ta ruwan sama kaɗai ba ce. Idan aka saki ruwa, mu ne a gaba. Madatsar Dasin Hausa da aka yi niyyar ginawa don ta tare shi, har yau ba a gina ta ba. Kowa ya san abin da ya faru a 2012 da 2022. Duk da haka gari yana ta gangarawa cikin fadama, ana cike hanyoyin ruwa ana gini. Njuwa da ake bikin kamun kifi a cikinsa, yashi da ƙafewa sun ci ƙarfinsa. Masu iya magana sun ce ruwa ba ya manta hanyarsa.

Ni kaina na taɓa kama ɗaki a watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, komai busasshe ƙayau, kuɗin haya da sauƙi. Satumba na zuwa na tashi cikin dare katifata tana iyo, takardun bincikena na wata huɗu sun zama kunu. Ban tambayi kowa ba, ban dubi ƙasa ba.

Don haka sababbin ɗalibai, kafin ku biya haya, ku dubi bango ko akwai shatin ruwa, ku tambayi tsofaffin unguwa inda ruwa ya tsaya bara. In kun samu ranar Asabar, ku je gidan tarihi na fadar Lamiɗo, ku leƙa tafkin Geriyo ku ga noman rani, ku tsaya bakin gada da yamma ku kalli dutsen Bagale. Shekara huɗu ko biyar ba kaɗan ba ce, kar mutum ya gama ya tafi bai san garin da ya ci tuwonsa ba.

'Yan asalin gari, musamman masu jin Fulatanci da Batanci, ku ƙara mana da abin da kakanni suka ba ku. Allah Ya jiƙan magabata, Ya kare mu daga ambaliya, Ya ba mu sa'ar jarrabawa. Amin.