Kuntigi Mai Tsirkiya Ɗaya

A zamanin Narambaɗa, babban makaɗi na fada ne: ga kotso, ga 'yan amshi, ga sarkin da ake wasawa. Ɗan Maraya Jos, wanda ya rasu a 2015, ya ɗauki wata hanya dabam. Kuntigi kawai yake riƙewa, ba mai karɓa masa, don haka kalmominsa ne ke ɗauke da nauyin waƙar. Ya kuma mai da talaka abin waƙa. A waƙar Karen Mota bai tsaya wa'azi kan wahala ba, mutum guda ya siffanta da sana'arsa, har mai sauraro ya gan shi a tasha. Mawaƙan situdiyo na yau sun fi shi kayan kiɗa, amma kaɗan ne ke nuna mana mutum haka.