Rediyon Bama a Ƙasar Jega: Shekarunsa da Batun Gyaransa

A wasu tsofaffin gidaje na Jega da Aliero da Maiyama akan tarar da akwatin rediyo da ya daɗe da yin shiru, magada suna kiransa rediyon Bama, domin sun ji cewa kakansu ya yi soja a yaƙin Hitila. Kafin a gaskata wannan suna, kafin kuma a kai akwatin wurin mai gyara, ya kamata a bi shekarun yadda suka zo.

BBC ta fara watsa shirye-shirye zuwa ƙasashen daular Ingila ta gajeren zango a Disamba 1932. A 1935 gwamnatin mulkin mallaka ta kafa rediyon waya a Legas, inda ake jan waya daga tasha zuwa lasifikar da ke gidan mutum, kuma tsarin bai iso Kano ba sai 1944. Saboda haka lokacin da yaƙi ya ɓarke a Satumba 1939, zamanin Sarkin Gwandu Yahaya, mutanen kasuwar Jega sun fi samun labari daga bakin fatake da jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda aka fara bugawa a Zariya a Janairun shekarar. Yaƙin kuwa bai yi nisa da su ba, domin daga 1940 zuwa ƙarshen 1942 Nijar tana hannun gwamnatin Vichy ta Faransa, mai haɗa kai da Hitila, iyakar Kamba da Gaya ta zama abin sa ido.

A 1943 aka tura Runduna ta 81 ta sojojin Afirka ta Yamma zuwa Indiya, ta 82 ta bi bayanta a 1944, suka yi yaƙi da Japan a dazuzzukan Arakan na ƙasar Bama har suka kama Myohaung a Janairu 1945. Sun yi aiki da na'urorin wayar iska, amma kayan gwamnati ne, masu lamba a rajista, kuma wani kamar R107 ya haura kilo 40. Sojan da aka sallama a 1946 ya fi yiwuwa ya dawo da lambar girma da kuɗin sallama. Akwatin soja yana da shaidarsa: jikin ƙarfe mai fenti kore ko toka-toka, da ɗan faranti mai lambar samfuri, da alamar kan kibiya ta gwamnatin Ingila, ko haruffan A.M. da kambi idan na mayaƙan sama ne, irin waɗanda suka riƙa sauka a Kano tun 1940 a hanyarsu daga Takoradi zuwa Alƙahira.

Rediyo ya shiga gidajen talakawa ne bayan yaƙi. A 1949 kamfanin Ever Ready ya ƙera wani mai araha, mai jikin tukunya, domin Rodeshiya ta Arewa, ire-irensa masu aiki da babban batir suka bazu a garuruwan da ba lantarki. Sashen Hausa na BBC ya fara magana a 13 ga Maris 1957, Rediyon Kaduna ya biyo baya a 1962, sannan ne ɗan kasuwa ya ga dalilin sayen akwati. A ganina yawancin abin da ake kira rediyon Bama na wannan zamani ne, mai yiwuwa tsohon sojan ya saye shi da fanshonsa. Idan aka buɗe bayansa aka ga ƙwayayen gilashi masu kama da ƙwan fitila, to na bawul ne. Idan babu su, na taranzista ne, wanda bai shiga kasuwa ba sai 1954, kuma in har ya ga yaƙi, to na basasa ne, na 1967 zuwa 1970.

Sai batun gyara. Babban kuskure shi ne a jona shi da lantarki don a ji ko yana magana. Kafasitocinsa na takarda da kakin zuma ne, zafi da damina sun lalata su, robar wayoyi ta farfashe, gara da ɓera sun yi nasu aikin, kuma jonawa ɗaya tana iya ƙone taransifoma da ba za a sami madadinta a kasuwar Jega ko ta Sakkwato ba. Wasu akwatunan ma ƙarfensu na ciki yana ɗaukar wuta. A wasu na soja an shafa wa lambobin mita fenti mai sinadarin radiyam don su haska da dare, wanda kankare shi haɗari ne ga lafiya.

Idan akwatin na kasuwa ne daga shekarun 1950, kuma an sami ƙwararren da ya san bawul, ina goyon bayan a tashe shi, a sauya kafasitocin, a ajiye tsofaffin cikin leda tare da shi. Idan kuwa shaidar soja ta tabbata, ra'ayina a share ƙurar kawai, kada a sake fenti, kada a cire faranti. A ɗauki hotonsa ciki da waje, a rubuta lambobinsa, a nemi takardar sallamar mai shi, a kuma zauna da dattawan gidan a rubuta sunan bataliyarsa da shekarar da ya dawo tun suna iya tunawa.