Tuwo da Miya: Abincin Gida da Lafiyar Iyali a Jihar Jigawa

Gabatarwa

A kusan kowane gida na Jihar Jigawa, tun daga Gwaram har Maigatari, daga Kazaure har Birniwa, abincin dare shi ne tuwo da miya. Shi ake tarbar baƙo da shi, shi ake aika wa maƙwabci, kuma shi ɗan da ya yi nisa da gida yake fara tambaya idan ya dawo. Mun tanadi wannan bayani ne domin jama'armu ta karkara, da kuma dagatai, masu unguwanni da ma'aikatan ƙananan hukumomi 27 na jihar nan, waɗanda su ne ke kusa da talakawa. Abin da muke son nunawa shi ne, abincin da iyalanmu suka fi so ya isa ya riƙe lafiyarsu, matuƙar an gyara miya, an kula da tsabta, kuma an raba shi yadda ƙaramin yaro da mace mai ciki za su sami haƙƙinsu.

Abin da ƙasarmu ke bayarwa

Allah Ya albarkaci jihar nan da kusan dukkan abin da tukunya ke buƙata. A yankin arewa mai jigawa, kamar Gumel, Maigatari da Sule Tankarkar, ana noma gero, wake, gyaɗa da riɗi. A fadamun kogin Haɗeja, kamar Auyo, Kafin Hausa da Ringim, ana samun shinkafa, alkama da kayan lambu na noman rani. Masuntan Haɗeja, Kirikasamma da Guri suna samar da kifi ɗanye da busasshe, Fulani makiyaya kuma suna kawo nono da man shanu. Bishiyoyin kuka, ɗorawa, tsamiya da zogale suna nan a gonaki da bayan gari. Kasuwanni irin su Gujungu, Sara da Maigatari su ne ke haɗa waɗannan kayayyaki wuri guda, ta yadda mutumin jigawa zai sami kifi, mutumin fadama kuma ya sami gero.

Ire-iren abincin da aka fi so

Tuwo iri huɗu ne aka fi sani: na dawa, na gero, na masara da na shinkafa. Tuwon dawa da na gero su ne na yau da kullum a ƙauyuka, tuwon shinkafa kuwa an fi yin sa ranar Juma'a, ko Sallah, ko biki da suna. Miyar da ake haɗa su da ita ta danganta da lokaci. Da damina akwai ɗanyar kuɓewa, yakuwa, alayyafo da lalo. Da kaka kabewa kan wadata, sai a yi miyar taushe. Da rani kuwa a koma ga kuka, busasshiyar kuɓewa da karkashi.

Bayan tuwo, akwai ɗanwake, dambu, fate, burabusko, shinkafa da wake, dafa-duka, waina da alkubus. Da safe akan sha koko ko kunu da ƙosai, ko a ci ɗumamen tuwon jiya. Da rana, musamman lokacin aikin gona, fura da nono ce ke riƙe manomi. Kwaɗon zogale ko na rama da ƙuli-ƙuli shi ma abinci ne mai daraja, duk da cewa wasu na yi masa kallon abincin marasa hali.

Yadda ake tuƙa tuwo da kaɗa miya

Aikin tuwo daga turmi yake farawa. Ana surfa hatsi, a bakace dusa, a wanke, a shanya, sannan a daka ko a kai inji, a tankaɗe. Idan ruwa ya tafasa sai a dama gari kaɗan a zuba, a yi talge, a bar shi ya dahu sosai. Daga nan a riƙa zuba gari ana tuƙawa da muciya har ya yi ƙarfi ba gudaji, a rufe ya sulala, sannan a kwashe da mara. Matan da suka ƙware sun san cewa talgen da bai dahu ba shi ne ke sa tuwo ya saki ko ya yi tsami kafin gari ya waye. Yana da kyau a sani cewa yawancin bitamin na hatsi a jikin dusarsa suke, saboda haka surfe mai sauƙi ya fi wanda aka yi har ƙwayar ta yi fari fat.

Miyar kuka kuwa ana fara ta ne da dafa nama ko kifi tare da albasa, daddawa, barkono da kayan yaji. Idan romon ya haɗu sai a rage wuta, a riƙa barbaɗa garin kuka ana kaɗawa da maburgi don kada ta yi gudaji. Ba ta buƙatar doguwar dahuwa bayan an kaɗa. Man shanu ko man gyaɗa kaɗan a kai shi ne ke cika ta.

Amfanin abinci a miya yake

Hausawa na cewa kowa ya ci tuwo da ni miya ya sha, kuma masana abinci sun gaskata muhimmancin miyar. Tuwo ƙarfi yake bayarwa da ƙoshi. Abin da ke gina jiki, ya ƙara jini, ya kare ido da fata, mafi yawansa a cikin miya yake. Gidan da ake tuƙa tuwo mai yawa amma miyar ruwa ce da gishiri da kuka kaɗan, yaransa za su kwana da ciki cike, amma jikinsu bai sami abin da yake buƙata ba.

Gyaran miya ba ya buƙatar kuɗi mai yawa. Daddawar kalwa da ta waken suya suna da sinadarin gina jiki. Haka nan dakakken wake, niƙaƙƙiyar gyaɗa, riɗi, ko garin ƙananan busassun kifi da aka daka da ƙashinsu. Ganyen kuka da na zogale suna ɗauke da sinadaran da ke ƙarfafa ƙashi da ƙara jini, kuma wanda aka shanya a inuwa ya fi wanda rana ta ƙona amfani. Kabewa, karas, manja da ganyaye masu duhun kore suna ba da bitamin A, wanda rashinsa ke kawo dundumi. Mai kaɗan a cikin miya yana taimaka wa jiki ya amfana da wannan bitamin.

Akwai wasu abubuwa uku da ya kamata a kiyaye. Na farko, kanwa tana sa wake ya yi saurin dahuwa, amma yawanta yana lalata wasu bitamin, don haka jiƙa wake tun da wuri ya fi. Na biyu, shan shayi tare da abinci yana rage wa jiki amfana da sinadarin ƙarin jini, alhali tumatir, lemon tsami da gwaba suna taimaka masa. Na uku, gishiri. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada baligi ya kai giram 5 na gishiri a rana, wato kimanin ƙaramin cokalin shayi ɗaya, domin yawansa na jawo hawan jini. A tuna cewa dunƙulen magi ma mafi yawansa gishiri ne. Tun shekarar 1993 Nijeriya ta wajabta sanya sinadarin aidin a gishirin ci domin hana maƙoƙo, a shekarar 2002 kuma ta wajabta ƙara bitamin A a man girki, sukari da fulawa. Saboda haka gishirin leda mai lambar hukumar NAFDAC shi ya fi dacewa, kuma a ajiye shi a rufe nesa da zafin murhu.

Rabon abinci a cikin gida

A al'adarmu kwanon maigida ake fara zubawa, kuma can tsokar nama ke tafiya. Yara kuwa sai a haɗa su a kwano ɗaya, babba ya yi loma uku kafin ƙarami ya yi ɗaya. Girmama maigida abu ne mai kyau, haka ma ciyayya da magidanta ke yi a zaure ko ƙofar gida, domin tana ƙarfafa zumunci kuma tana rufa wa marar hali asiri. Sai dai waɗanda suka fi kowa buƙatar abinci mai gina jiki su ne yara 'yan ƙasa da shekara 5, mata masu ciki da masu shayarwa.

Ƙa'idar da likitoci suka amince da ita ita ce a shayar da jariri nonon uwa zalla har wata 6, ko ruwa ba a ba shi. Daga nan a fara ƙara masa abinci, a ci gaba da shayarwa har shekara 2. Yaro ɗan wata 6 zuwa 8 yana buƙatar ci sau 2 zuwa 3 a rana, daga wata 9 zuwa 23 kuma sau 3 zuwa 4, ban da 'yan abubuwan taɓawa. Koko tsararo ba ya riƙe yaro. A yi masa kunu mai kauri wanda ba ya zuba daga cokali da sauƙi. Haɗin da aka sani da suna Tom Brown yana da sauƙin yi a gida: awo 6 na hatsi, awo 3 na waken suya da awo 1 na gyaɗa, a soya kowanne sama-sama ba mai, a cire ɓawon waken, a niƙa su tare. A ba yaro kwanonsa shi kaɗai, babba ya zauna da shi har ya ƙoshi. Kada a ba jaririn da bai cika shekara ɗaya ba zuma. Maganar da ake yi cewa ƙwai na sa yaro sata ba ta da tushe, ƙwai yana cikin abinci mafi amfani ga yara.

Daga watan Yuni zuwa Satumba, lokacin da rumbu ya yi ƙasa kuma zazzaɓin cizon sauro da gudawa suka yawaita, shi ne lokacin da tamowa ta fi kama yara. Duk yaron da aka ga yana ramewa, ko ƙafafunsa sun kumbura, ko ya ƙi cin abinci, a gaggauta kai shi asibiti mafi kusa. Ma'aikatan lafiya suna auna damtsen yaro da wani ɗan tef mai launi uku, idan awon ya gaza santimita 11.5, wato ya faɗa ja, yaron na buƙatar kulawa ta gaggawa.

Tsabta da ajiya

Abinci mai kyau kan zama cuta idan ba a tsare shi ba. Mai girki ta wanke hannu da sabulu kafin ta taɓa abinci da kuma bayan ta yi wa yaro tsarki. Dafaffen abinci kada ya wuce awa 2 a ajiye ba wuta kafin a ci, abin da ya kwana kuma a ɗumama shi har ya yi zafi ciki da waje, miya ta sake tafasa. Ganyen kwaɗo da kayan lambu a wanke su da ruwa mai tsabta, musamman da damina lokacin annobar amai da gudawa. Madarar shanu a tafasa ta kafin a yi nono, domin ɗanyarta kan ɗauki ƙwayoyin tarin fuka.

A rufe abinci da hatsi daga ɓeraye, saboda fitsarinsu da kashinsu ne ke yaɗa zazzaɓin Lassa, cutar da aka fara ganowa a shekarar 1969 a garin Lassa na Jihar Borno ta yanzu. A guji shanya hatsi a bakin titi. Gyaɗa da masarar da suka yi fumfuna suna ɗauke da guba mai lalata hanta, kuma dahuwa ba ta kashe ta, don haka a tsince su a zubar, kada a yi ƙuli-ƙuli ko kunun yara da su. Wajen ajiye wake, buhu mai leda biyu a ciki wanda ke toshe iska yana kashe ƙwari ba tare da an zuba maganin feshi ba, wanda shi kansa kan jawo wa iyali guba.

Hayaƙin itace shi ma abin kula ne, domin yana jawo ciwon ido, tari da ciwon huhu ga mata da yaran da ke goye. A yi girki a inda iska ke shiga, da busasshen itace, a kuma nisanta yara daga bakin murhu. Murhun zamani mai tattalin itace yana rage hayaƙi, yana kuma rage saran bishiyoyi a jihar da ke fama da gusowar hamada.

Kira ga shugabanni da magidanta

Muna kira ga hakimai, dagatai, masu unguwanni da limamai da su riƙa isar da wannan bayani a wuraren taro, bukukuwan suna da bayan sallar Juma'a. Ma'aikatan gona na ƙananan hukumomi su ƙarfafa wa jama'a dasa zogale a cikin gida, da hana saran kuka da ɗorawa. Magidanta kuwa, idan kaka ta yi, kada a sayar da wake da gyaɗa da riɗi duka, a ware na miya kamar yadda ake ware hatsin tuwo, a kuma riƙa ba da kuɗin cefane gwargwadon hali. Matan da ke tsaye a kan murhu safe da yamma su ne ginshiƙin wannan aiki, kuma ba za su iya gyara miya da abin da ba a kawo musu ba. Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya ƙara wa iyalanmu lafiya, amin.