Daga Kabarin Meketre zuwa Kwalin Haɗa Jirgi

A shekarar 1920 wani mai tonon kayan tarihi ɗan Amurka, Herbert Winlock, ya buɗe wani ɓoyayyen ɗaki a kabarin Meketre, babban bafaden Masar da ya rayu kusan shekaru 4,000 da suka wuce. Cikin abubuwan da ya tarar har da ƙananan jiragen ruwa na katako, da matuƙansu riƙe da sandunan tuƙi, wani jirgin ma har da masu girki. An sassaƙa su ne don su yi wa mamacin hidima, bisa imanin mutanen wancan zamani. Yau wasu suna gidan tarihi na Alƙahira, wasu suna New York.

Ƙera ɗan ƙaramin jirgi ya daɗe yana da nauyi a idon masu yinsa. Matuƙan Turai da suka tsira daga guguwa sukan kai samfurin jirginsu coci a rataye, don cika alwashi. Wanda aka samu a Mataró ta ƙasar Sifen, na ƙarni na 15, yana cikin mafiya tsufa da suka rage, kuma yana ajiye a Rotterdam. A ƙarni na 17 kafintocin sojan ruwan Ingila sun kai aikin matuƙa: kowane inci ɗaya na samfurin yana daidai da inci 48 na jirgin gaske, kuma sukan bar ƙasan jirgin a buɗe don a ga haƙarƙarinsa. Samuel Pepys, babban jami'in hukumar jiragen yaƙi, ya tara irinsu a gidansa.

Amma labarin da ya fi taɓa zuciya shi ne na fursunonin yaƙi. Tsakanin 1793 da 1815 Ingila ta tsare dubban sojoji da matuƙan Faransa, wasu a tsofaffin jirage da aka mayar kurkuku, wasu a sansanoni kamar Norman Cross da Dartmoor. Ba su da katako mai kyau, sai ƙasusuwan shanu da tumaki da suka rage daga abincinsu. Sukan dafa ƙashin har ya yi fari, su fere shi sirara, su jera a kan gangar itace da 'yan mitsitsin ƙusoshi, su yi igiyoyi da gashi ko zaren alharini. Babu zane a gabansu, sai abin da ido ya riƙe daga shekarun da suka yi a teku. A Norman Cross akan ci kasuwa a ƙofar sansanin, mutanen gari su zo saye, fursuna ya samu na taba da ƙarin abinci.

Sai a ƙarni na 20 aikin ya shiga gidajen talakawa. A shekarun 1920 wani tsohon matuƙi, E. Armitage McCann, ya riƙa wallafa zane da bayani a mujallar Popular Science, kamfanoni kuma suka soma sayar da kaya a kwali. Na farko a Amurka sukan zo da gangar jirgi da aka riga aka sassaƙe daga kututture guda. A shekarun 1950 Ejnar Billing na Denmark ya yaɗa salon da ya fi kama da ginin jirgin gaske: a kafa ƙashin baya, a jera haƙarƙari, a rufe da siraran katako ɗaya bayan ɗaya. Amati ta Italiya da Artesanía Latina ta Sifen duk wannan hanyar suke bi.

Yanzu hasken lesa ke yanka ɓangarorin, amma yankan kawai kwalin ya ɗauke wa mutum. Katako miƙaƙƙe ne, jikin jirgi kuwa a lanƙwashe yake ta ko'ina. Dole a jiƙa kowane sili, a gasa shi da zafi har ya saduda, a rage faɗinsa wajen goshin jirgi, a shafa gam, a danne har ya bushe. Wanda ya yi gaggawa sai ya ji ƙas, ya koma farko. Yawancin kwalayen Turai sukan ba da rufi biyu, na ciki da za a goge da samfefa, da na waje mai kyan launi. A nan ne masu koyo da yawa ke ajiye aikin a kan kabad, musamman waɗanda suka fara da HMS Victory, jirgin Nelson, kwamandan sojan ruwan Ingila. An lulluɓe ƙasan jirgin na gaske da faranti 3,923 na jan ƙarfe a 1780, kuma mai son cika aiki sai ya manna nasa ƙananan ɗaya-ɗaya. Bayan nan ga tsanin igiya da matuƙa ke hawa, wanda ake ƙullawa da hantsaki, ƙulli dubbai, kamar mai ɗinkin hular zanna.

Masu wannan sha'awa ba su cika yarda da takardar cikin kwali ido rufe ba, kuma suna da hujja. Jirgin Vasa na Sweden ya nutse a 1628 a tafiyarsa ta farko, aka tsamo shi a 1961. Shekara da shekaru ana fenta samfurinsa shuɗi da ruwan zinariya, har sai da masana suka binciki ragowar fentin da ke jikin katakon, suka gano ja ne, gumakansa kuma masu launuka iri-iri. Gidan tarihin Vasa da ke Stockholm ya fenta nasa samfurin bisa wannan binciken, maƙera da kamfanoni suka bi sahu.